Kawu da Rijiyar Bayan Gidan Mai

Ranar da aka yi jana'izar Kawu a Yendi an yi kuka iri-iri, amma abin da mutane suka tafi da shi a baki shi ne abin da Baba ya yi a ƙofar ɗakin gawa. Mata sun ɗora ruwa, an sirka, an miƙa bokiti biyu ga mazan da za su yi wanka. Sai Baba, mahaifina, ya tare hanya. Ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa, ya kamfaci ruwan da tafin hannu, ya kai hanci, ya rufe ido. Ya maimaita a bokiti na biyu. Sannan ya miƙe ya ce, "To, ku shiga da shi."

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda ita ta ɗebo ruwan da kanta, ta ji zafin abin. Ta juyo wurinmu ta ce, "Wannan baƙo, shina gani mun ba gawa ruwan datti ne?"

Matar Kawu kuwa sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, har sai da aka riƙe ta. Mma, mahaifiyata, ƙanwar mamacin, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na tsaya riƙe da ludayi, na kasa yi wa tsohuwar bayani, don bayanin ya fi ƙarfin tsayuwar tsakar gida.

Daga Allah Kawu ya zo, wurinSa kuma ya koma, kamar yadda kowannenmu zai koma. Kwana uku gidan bai huta ba. Direbobin tankar mai suka ajiye motocinsu can nesa da unguwa suka tako da ƙafa, wai ko yana kwance ba za su kawo mai kusa da murhu a gabansa ba. Matan zangonmu, unguwar Hausawa ta Bawku, suka ɗauki lori guda suka zo ranar addu'ar uku, waɗansunsu su ne suka fi kowa zaginsa a da. Wani mutum mai furfura ya zo daga Zebilla da zabi biyu a kwando, ya zauna a bakin zaure ya ƙi cin abinci. Duk wanda ya tambaye shi dangantakarsa da mamacin sai ya ce, "Shi ya cire ni kunya. Ni ba ɗan'uwa, amma ni ɗan'uwa paa, sosai-sosai."

'Ya'yan Kawu maza suna Kumasi da Tamale, babu wanda ya gaji aikinsa. Jikokinsa abin da kawai suka sani shi ne wani tsoho da ba ya shan ruwa sai ya shinshina. Ina tsoron nan da 'yan shekaru wannan kaɗai zai rage, ya zama abin dariya a gidan biki. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani.

A Salaga aka haife shi, a gidan kakanmu mai fataucin goro. Wanda ya san Salaga ya san rijiyoyi ne ko'ina, wata a bakin hanya, wata a cikin ciyawa inda ba ka zata ba. Kakarmu mace ce mai tsantseni, akwai rijiyar da take sha, akwai ta wanki, akwai wadda ko alwala ba ta yarda a yi da ruwanta. Mma ta ce in aka aiki Kawu ɗebo ruwa ya yi ƙiwa ya ɗebo a ta kusa, da tsohuwar ta ɗaga murfin tulu za ta ce, "Mayar." Ya sha mayarwa har hancinsa ya koyi abin da nata ya sani. Da ya girma ya koyi aikin famfo da bututu a Tamale, wani kamfanin mai ya ɗauke shi, aka zaunar da shi a Yendi. Aikinsa shi ne ya bi gidajen mai, da wuraren da ake ajiye man tarakta, da rumbunan maganin feshin auduga, ya gano tankin da ke yoyo. Tun daga Salaga har Bawku babur ɗinsa ya san kowane rami.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai doguwar sandar awo mai zane-zane, wadda yake kwancewa gida uku ya naɗe a tsumma. Akwai kwado biyu da makullansu, da sabulu da burushi, da alli, da kwalaben gilashi waɗanda shi kaɗai ke wanke su. Sai wani ɗan gwangwani na man shafawa mai launin ƙasa, wanda ya sa wa suna lalle. In ya shafa shi a gindin sanda ya zura cikin tanki, mai ba ya canza shi, amma da ya taɓa ruwa sai ya koma ja. Wannan gwangwanin ko matarsa ba ta taɓawa.

In ya je gwada tanki ba ya gaggawa. Zai kulle famfo da murfi, ya auna da sassafe bayan salla, ya ja layi da alli, ya tafi abinsa. Gobe a daidai wannan lokaci ya dawo ya sake aunawa. Masu gidan mai suna ƙin jinin wannan, don yini guda ne ba ciniki. Sukan ce, "Massa, maigida, auna yanzu, ka auna da la'asar mana." Sai ya ce a'a, zafin rana yana kumbura mai, sanyi yana kwantar da shi, wanda ya auna safe da yamma zafin rana ya auna. Maganar da ya fi yawan yi, har muka riƙa kwaikwayonsa da ita, ita ce: "Mai ba ya ɓacewa. Wani wuri ya tafi. Ina ne?"

Da wannan haƙurin ya ceci mutumin Zebilla. Mutumin yana tsaron wani wurin ajiye man tarakta, man yana raguwa, mai wurin ya rantse shi ke sacewa, har ya fara maganar 'yan sanda. Kawu ya zo ya kulle komai, ya ɗauki makullan ya saka a aljihun mai wurin da hannunsa. Washegari aka auna, mai ya ragu da faɗin yatsa. Kawu ya dubi mai wurin ya ce, "Makulli a aljihunka ya kwana. In sata ce, to kai ne ɓarawon." Aka kawo diga aka bi bututu, taku bakwai aka tarar da mahaɗar da tsatsa ta cinye, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin. Mutumin ya ba ni labarin a bakin zaure yana share ido. "Yarana suna tafi makaranta, ana ce musu ɗan ɓarawo. Shi ya zo da sanda ɗaya, magana ya ƙare."

A rumbun maganin auduga kuwa ba ya yarda hanci ya yi aiki. Zai ɗaura tsumma a fuska, ya barbaɗa farin toka a gindin tanki da ƙarƙashin ganguna, ya dawo ya ga inda tokar ta jiƙe. Yana duban layin tururuwa, inda suka yi kwana ba dalili, da inda ciyawa ta ƙone alhali damina ce. Gangunan da suka ƙare kuwa, mata suna son su don tara ruwan sama, masu gadi suna ba su a ɓoye. Kawu sai ya bi su ɗaya-ɗaya da kurfi da guduma ya huda gindinsu. Matan Yendi sun yi masa Allah-ya-isa da Dagbanci da Hausa, ko a jikinsa.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙin zama ba, don Allah na gani. Ko gidan wa ya shiga, in aka kawo masa ruwan baƙunta sai ya shinshina kafin ya sha, a gaban mai gida, a gaban amarya, a gaban malami. Ya taɓa cire taba daga bakin wani babban mutum a layin mai, a shekarun nan da mai ya yi wuya, ya tsoma ta a kofin shayin mutumin ya miƙa masa kofin. Matarsa ta yi shekaru tana sa shi tuɓe kayan aiki a zaure, ta ce ko tuwonta ya gaji da warin kananzir. Ni kuwa tun ina ƙarama in ya zo Bawku sai ya kama kaina ya shinshina ya ce, "Wannan tankin lafiya lau, sai dai surutu yake yoyo." Har na yi aure bai daina ba.

Baba yana da gidan mai a bakin zangonmu na Bawku, famfo biyu da tankin kananzir a binne a ƙasa. A bayansa, in ka ɗan gangara, akwai rijiyar unguwa, wadda ba ta ƙafewa ko a tsakiyar rani. Gidan mijina yana kusa da ita. Kawu ne ya aurar da Mma ga Baba, don mahaifinsu ya riga ya rasu, saboda haka Baba yana ce masa Yaya, yana cire takalmi in zai gaishe shi. Kawu kuma yana ce masa Alhaji. Amma tankin nan Baba ya saye shi ne tsoho a hannun wani, ya sa aka binne, bai taɓa kiran Kawu ya duba ba. Ya ce ba ya son a ce yana amfani da suruki.

Tankin yana da wata ɗabi'a da Baba yake alfahari da ita. Da rani kananzir yana raguwa fiye da yadda aka sayar, Baba ya ce ai zafin Bawku ne ke sha, kowa ya san zafin Bawku. Da damina kuwa sai sanda ta nuna ya fi yadda ya kamata. A sayar, a sayar, a auna, yana nan kamar ba a taɓa ba. Baba ya ce albarka ce, addu'ar da malamai suka yi ranar buɗe wurin ce take aiki. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa wa abokansa 'yan tireda, har wani ya zo daga Tempane neman sunan malaman.

A daminar da na haifi ɗana na fari na fara jin wani abu a koko. Ba ɗanɗano ba ne sosai, wani ɗan wari ne da ke tsayawa a maƙogwaro. Matan unguwa suka ce wata ce ta zuba wa fitila mai ta taɓa guga ba ta wanke hannu ba. Aka sauya guga, aka sauya igiya, warin yana nan. Jaririna kuma in na yi masa wanka sai jikinsa ya yi ja, ya yi ta kuka. Wata safiya na ajiye ruwa a farin kwano a rana, na ga wani siririn maiƙo mai launi-launi yana yawo a sama. Na san abin da ke sama da rijiyar, na kuma san na wane ne.

Ban iya gaya wa Baba ba. Na nemi wani direba da ke zuwa Yendi na ce ya gaya wa Kawu 'yarsa ta Bawku tana so ya zo ya sha ruwa. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Duk lokacin da aka tambayi Kawu wa ya kira shi, sai ya ce, "Hancina." Ya rufa mini asiri har ya shiga kabari.

Kwana huɗu sai ga babur. Bai shiga gida ya gaida ƙanwarsa ba, rijiya ya wuce. Ya karɓi guga a hannun wata mata, ya cika kwalba har wuya, ya toshe, ya ajiye a rana ta ɗan yi ɗumi, ya girgiza, ya buɗe a hanci. Ya hau gidan mai, suka gaisa da Baba, ya ce a buɗe masa tankin kananzir. Ina tsaye daga nesa da goyo. Ya shafa lalle, ya zura sanda har ta taɓa gindi, ya zaro. Faɗin yatsa huɗu ya yi ja wur.

Baba ya ce, "Mene ne wannan, Yaya?"

"Albarkarka ce," in ji Kawu. "Ruwa ne. Allah Yana sa albarka, Alhaji, amma ba ta gindin tanki ba. Tankinka ƙofa gare shi. Da damina ruwan ƙasa ya taso ya shiga ya ɗaga man sama. Da rani ruwan ya sauka, man ya bi shi ya fita. Ka san ina ya tafi?" Sai ya nuna gangaren da sanda.

Baba ya ja shi cikin ɗan ofishinsa. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, na matso na ji. Baba ya kwantar da murya ya ce a rufa masa asiri. A bari ya sayar da abin da ke ciki, bayan Salla sai a haƙa a hankali, a ce gyara ake yi.

"Kwana nawa ke nan?"

"Wata biyu, Yaya. Bai kai ba ma."

"A wata biyu jikanka zai sha tulu nawa?"

Baba ya ce ai ba a tabbatar daga nan ne ba, gidajen da ke kunna fitila a unguwa ba su ƙirguwa. Wannan maganar ce ta ɓata komai. Kawu ya fito fuu, ya gangara rijiya inda mata kusan ashirin suke layi, ya ɗaga murya ya ce, "Ku zubar! Kada wadda ta sake sha, kada wadda ta yi wa yaro wanka. Kananzir ne a ciki, daga tankin Alhaji yake fitowa." Ya sake faɗa yadda waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba za su gane. Kafin azahar ya sa kafinta ya buga murfin katako, ya ɗaura kwadonsa, ya bar wata 'yar kafa wadda kwalba kaɗai ke shiga. Makullin ya jefa a aljihu.

Gaskiya ya faɗa, ban taɓa shakka ba. Amma na ji haushinsa ranar nan kamar in yi me. Da ya ce rijiya ta ɓaci ya tsaya nan, da mata sun zubar da ruwansu. Sai da ya kira sunan mijin ƙanwarsa a gaban matan da ke durƙusa masa. Na gaya masa haka bayan shekaru. Ya ce, "Da ban faɗi inda ya fito ba, da sun ce hannun wata ne, su koma gobe." Wataƙila haka ne. Har yanzu in na tuna fuskar Baba a bakin famfo sai zuciyata ta yi nauyi.

Baba ya gangaro a hankali ya tsaya gabansa. Ya ce, "Ka tona ni a gaban mata. Daga yau ba ni ba kai." Bai ce Yaya ba.

Aka kwashe man, aka haƙa, aka ɗaga tankin da sarƙa. A gindinsa akwai huji uku, babbansu bai fi kan ƙusa ba. Ƙasar da ke ƙarƙashi baƙa ce, mai danshi, warinta har bakin titi. Baba ya tsaya ya gani da idonsa, ya juya ya tafi gida. Gidan man ya rufu, bai sake buɗewa ba. Baba ya koma sayen masara da gero a Binduri yana kaiwa bakin iyaka, ya rufa wa kansa asiri, amma sunan da 'yan unguwa suka laƙa masa a bayan ido, mai rijiyar kananzir, ya bi shi.

Kawu ya ɗauki hutu ya zauna mako uku a gidan wani abokinsa, don gidan ƙanwarsa ya haramta gare shi. Ya zaɓi wuri can sama da gidan man, ya tara maza, ya tuɓe riga ya shiga rami tare da su, da furfurarsa. Sabuwar rijiyar ta ba da ruwa mai daɗi, sai dai ƙarama ce, da rani ya yi nisa take ƙafewa. Daga nan sai mata su ɗauki garwa su yi tafiya mai nisa, su wuce tsohuwar rijiya cike da ruwa da kwado a kanta. Kowace ta wuce sai ta yi tsaki, rabi na Kawu, rabi na Baba.

Kowace shekara in damina ta ɗauke sai ga babur. Kawu zai zura kwalba da zare, ya cika, ya toshe, ya ajiye a rana, ya girgiza, ya shinshina. Mata su kewaye shi. Sai ya ce, "Ba tukuna." Ya aika a kira Mma su gaisa a gidana, ya hau babur ya koma. Baba yana zaune a rumfarsa ta hatsi, wadda ke kallon gangaren, ya juya baya kamar bai san an zo ba. Da yamma sai ya ce wa duk mai saurare ruwan nan ya daɗe da wankewa, ƙeta ce kawai, ana so a bar kwadon nan ya zama tambarin kunyarsa. Mma ta rame a tsakaninsu. In ta yi kuka a gidan miji a ce don wanta ne, in ta yi a gaban Kawu ya ce, "Ke ma kin fi son a sha?" Haka muka yi shekara takwas.

A ta tara damina ta ɗauke babur bai zo ba. Saƙo ya zo Kawu yana kwance, ƙirji ya riƙe shi. Ni da Mma muka tafi Yendi. Baba bai hana ba, bai kuma ce a gaishe shi ba. Muka tarar da Kawu ya zama ƙashi da fata, amma bakin yana nan. Da na sunkuya gaishe shi ya kama kaina kamar da, ya kai hanci, sai ya sake ni bai yi tsokanar ba. Ban gane ba a lokacin.

Kwana goma muna can. Ran na sha ɗaya da hantsi aka yi sallama a zaure, na ji muryar na ce kunnena ne. Baba ne, ƙura har gira, ya biyo lori ta Nakpanduri. Ya cire takalmi a ƙofar ɗaki. A hannunsa akwai wani abu naɗe a cikin rawani. Ya zauna a tabarma, bai gaisa ba, ya warware. Kwalbar gilashi ce, cike har wuya, an toshe ta tam.

Kawu ya daɗe yana kallon kwalbar. Ya ce, "Gilashi. Ka cika har wuya. Ashe kana kallo."

"Ba ka zo ba," in ji Baba. "Mata suna tambaya."

Kawu ya ce in kai ta rana. Na ajiye ta a tsakar gida har ta yi ɗumi, na dawo da ita. Baba ya miƙa masa, sai Kawu ya girgiza kai.

"Alhaji, hancina ya mutu. Shekara biyu ke nan. Ko albasa aka yanka a gabana ban sani ba. Bara ma da na zo ban ji komai ba. Na ce ba tukuna don ban sani ba ne, kuma ba zan buɗe wa mutane abin da ban sani ba."

Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Mma ta riƙe hannuna.

Kawu ya lalubi ƙarƙashin matashi ya fito da makulli, ya ajiye a tabarma tsakaninsu. Ya ce, "Kai za ka shinshina. Abin da ka ce shi ne. In ka ce babu, ɗauki ka je ka buɗe, in sa a rubuta cewa ni na ce."

In Baba ya ce babu, babu wanda zai ƙaryata shi. Ni ban iya ba, Mma ba za ta yi ba. Kalma ɗaya ce tsakanin Baba da cire kwadon da ya yi shekara takwas yana ci masa rai. Ya ɗauki kwalbar ya girgiza, yadda ya sha gani ta gefen ido. Ya cire toshiyar ya kai hanci. Ya sauke. Ya sake kaiwa, ya rufe ido. Ya yi na uku, har ruwan ya zuba a rigarsa.

Ya ce, "Da saura, Yaya. Kaɗan ne, amma da saura."

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, muka ɗaga shi muka ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya tura makullin da yatsa zuwa gwiwar Baba ya ce, "Riƙe. Ka iya aikin." Baba ya sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a tabarma. Ban taɓa ganin kukan mahaifina ba sai ranar. Ya ce, "Ka yafe mini." Kawu ya ce, "Ni ma da na rage murya." Iyakar abin da suka ce ke nan a kan shekara takwas, daga nan sai suka shiga hirar farashin masara.

Baba bai koma Bawku ba. Shi ke ɗaga Kawu, shi ke juya shi, shi ke riƙe masa buta. Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, Kawu ya cika, kansa a cinyar mijin ƙanwarsa. Abin da tsohuwar nan ta gani a ƙofar ɗakin gawa ke nan. Baba ba ruwanta ya raina ba. Ya san mutumin da za a wanke bai taɓa yarda ruwa ya taɓa shi ba a duba ba, kuma yanzu babu mai dubawa sai shi.

Ina kewarsa ƙwarai. Ina kewar ƙarar babur ɗin nan da warin da ke riga shi shiga gida. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kaifin harshensa, Ya saka masa da kowane kofin ruwa da ya hana yaro sha. Allah Ya shayar da shi daga ruwan da ba ya bukatar a shinshina.

Rijiyar tana nan a kulle. Makullin yana ɗaure a carbin Baba. Da damina ta ɗauke bana na gan shi ya gangara da kwalba da zare, mata suka kewaye shi, ya ajiye ta a rana, ya girgiza, ya kai hanci. Wata ta ce, "Alhaji, yaya, mu kawo guga?" Ya mayar da toshiyar ya ce, "Ba tukuna."